An ce an bar wani abu a ƙirjin ƙanwata bayan tiyatar zuciya

Sani Garwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, kuma raina ba a kwance yake ba. Waɗanda suka san gidanmu sun san ƙanwata da ta daɗe tana fama da haki da kumburin ƙafa. To an yi mata aikin zuciya a Kudancin Kamaru, an canza mata bawul ɗaya, wato 'yar ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya, yau kwana goma sha biyu da muka dawo da ita. Alhamdu lillahi tana cin abinci, tana takawa har zaure. Abin da ya hana ni barci takardar bayanin aikin ce. Na kai wa wani maƙwabcinmu da ya fi ni Faransanci, ya ce wai an shafa mata kakin zuma a ƙashi, an sa wani abu Surgicel an bar shi a ciki, sannan an liƙe wani wuri da gam. Gam fa jama'a! Kuma a daren aikin sai da aka sake mayar da ita ɗakin tiyata wajen ƙarfe biyu saboda jini. Ni dai zuciyata tana raya mini ɓarna suka yi suka toshe da tsumma. Goggonmu tun jiya take kuka. Wanda ya san wani abu don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Hajja Kaltume: Wa alaikumus salam. Sannu Sani, Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne.

Abbo Mai Zuma: Amin. Amma kakin zuma a cikin mutum? Mu nan Gaundare da muke tace shi buhu-buhu ashe kayan asibiti muke sayarwa ba mu sani ba.

Maman Hanifa: Sani ƙanena, ka sha ruwa ka zauna. Shekarata goma sha ɗaya ina miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata a nan Marwa. Ba ma aikin zuciya, amma biyu daga cikin abubuwan nan da ka lissafa da hannuna nake buɗe su. Surgicel ɗin nan yana zuwa ne a ɗan fakiti a rufe. In ka buɗe za ka ga kamar ɗan ƙyalle mai saƙar raga, fari-fari mai ratsin rawaya, laushi kamar siliki. Da almakashi busasshe ake yanka shi, don in ya taɓa ruwa manne wa yatsa yake yi. Likita ya ɗora a inda jini ke tsattsafowa, ya danne da bandeji minti biyu ko uku, yana ɗagawa sai ka ga ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi ya zama kamar danƙo, jinin ya tsaya. Daga zaren itace ake yin sa, kuma jiki da kansa yake narkar da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wato a yanzu da muke magana da wuya a ce akwai saurarsa a jikinta.

Mantuwa daban take. Bandejin da muke share jini da shi ƙirga shi muke yi da babbar murya kafin a fara, mu sake ƙirgawa kafin a rufe. In ɗaya ya ɓace ba mai fita daga ɗakin. Kuma ka yi tunani mana, wanda ya yi mantuwa zai zauna ya rubuta maka a takarda da sunan abin?

Sani Garwa: Wallahi Yaya wannan maganar ta ƙarshe ta shige ni. To amma mayar da ita da aka yi da dare fa?

Dr. Awwal: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙonni. Sani, sannu da jinya. Bari in fara daga tushe, don sai an san dalilin da ya sa jini ke wahalar tsayawa a wannan aikin za a gane amfanin kayan nan.

A irin wannan aikin na buɗe ƙirji, ba a canza bawul zuciya tana bugawa cike da jini. Sai an tsayar da ita, a karkatar da jinin jiki gaba ɗaya zuwa wani inji da zai riƙe aikin zuciya da na huhu. Tun 1953 aka fara cin nasara da irin injin nan, a hannun wani likita John Gibbon a Amurka. Matsalar ita ce jini in ya taɓa roba daskarewa yake yi. Don haka kafin a kunna injin ana zuba wa mara lafiya heparin, maganin hana jini daskarewa, mai yawa ƙwarai. Jinin lafiyayye a gwajin da muke yi yana daskarewa a daƙiƙa ɗari da 'yan kai, to a lokacin aikin sai an kai shi sama da daƙiƙa 400. Da gangan muke hana jinin mutum daskarewa, alhali an tsaga ƙashin ƙirjinsa gida biyu, an huda babbar jijiyar da ke fita daga zuciya an sa mata tiyo. In an gama sai a ba da wani magani, protamin, ya kashe ƙarfin heparin. To amma jinin da ya yi awa biyu yana zagaya roba ya gaji. An sirka shi da ruwa, an sanyaya jiki, ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe rauni sun jigata.

Daga nan jini iri biyu ne. Akwai wanda ke fitowa daga jijiya ɗaya da za ka nuna da yatsa. Wannan maganinsa allura da zare, ko a ƙone bakin jijiyar da lantarki. Akwai kuma tsattsafo, kamar yadda bangon ƙasa ke naso da damina, ko'ina jiƙe amma ba ka ga ramin ba. Ramukan allura a jikin babbar jijiya, ɓargon ƙashi, bayan zuciya inda hannu ba ya kaiwa da kyau. A nan ne kayan da aka rubuta maka suke aiki.

Komawa ɗakin tiyata kuwa abu ne sananne, yana samun wajen mutum biyu zuwa biyar a cikin ɗari. Ana barin tiyo a ƙirji ana auna jinin da ke fita duk awa. In ya wuce kima, ko aka ga alamar yana taruwa yana danne zuciya, sai a koma. Wanda ya farka ƙarfe biyun dare ya yanke shawarar komawa, ni a wurina ya yi aikinsa.

Bappa Kusiri: Likita, da girmamawa, amma kowa ya san likita ba ya tona wa likita asiri. Ni abin da na gani shi ne kasuwanci. Kafin a ƙirƙiro gam ɗin nan ba a yin tiyata ne? Kamfani ya kawo kaya mai tsada, a liƙa wa talaka, a rubuta masa a lissafi. Mu da muke sayar da gona mu kai mara lafiya Kudu mu muka san zafin abin.

Dr. Awwal: Bappa, ba zan ce maganarka ba ta da ƙafa ba. Amma a raba su. Kakin ƙashi ba sabon abu ba ne, tun 1892 wani likitan Ingila, Victor Horsley, ya bayyana haɗinsa, kakin zuma ne da ɗan mai. Soson jelatin tun 1945, Surgicel tun 1960. Waɗannan tsofaffin kaya ne masu sauƙin kuɗi in aka kwatanta. Masu tsadar su ne gam ɗin da ake haɗawa daga sinadaran jinin mutum, irin su Tisseel, da wanda ake matsawa kamar kunu, Floseal. A kansu ne ko likitoci suke jayayya a kan yaushe ya kamata a buɗe, yaushe almubazzaranci ne.

Usmanu Farmasi: Ni zan tsaya tsakiya. Bappa na da gaskiya cewa kamfanoni na tallata kayansu da ƙarfi, ina ganin wakilansu. Amma lissafin da ya manta shi ne na jini. A ƙasar nan wa bai san yadda ake yi ba? A ce maka leda huɗu ake so, ka kawo mutane su maye. Ka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce yana azumi, wancan ya kashe waya. Kai da ke Yawunde ko Duwala, danginka suna Arewa, jirgin ƙasa daga Gaundare kwana yake a hanya. In abu ɗan ƙarami zai rage leda ɗaya ko biyu, ni ban kira shi asara ba.

Bappa Kusiri: In zai rage. Wa ya auna?

Dr. Awwal: An auna wasunsu, kuma abin da aka fi tabbatarwa shi ne suna gaggauta tsayar da tsattsafo a wurin da aka sa su. Cewa suna hana mutuwa ko suna hana komawa tiyata a kowane hali, hujjar ba ta kai ƙarfin haka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da ya fi su hujja ma mai araha ne, allurar tranexamic acid da wasu mata da miji 'yan Japan, Okamoto, suka samar a 1962. Ita ce su Maman Hanifa suke ba matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa.

Kuma kowannensu yana da aibinsa. Kakin zuma ba ya narkewa, toshe ramukan ɓargo kawai yake yi kamar yadda ake toshe tulu, in aka lafta da yawa yana jinkirta haɗewar ƙashi, yana iya ba ƙwayar cuta wurin zama. Shi ya sa ake shafa kaɗan a kankare saura, wasu likitocin ma sun daina. Surgicel da soso suna kumbura, ba a cusa su a matsattsen wuri. Gam ɗin BioGlue da ake sa wa babbar jijiya in ta tsage, in ya zuba inda bai kamata ba yana iya taɓa jijiyar motsi. Malaminmu in ya ga ɗalibi ya miƙa hannu zai karɓi gam tun bai duba da kyau ba, buge hannun yake yi ya ce nemo jijiyar tukuna.

Maman Hanifa: Abu ɗaya da ya kamata Sani ya riƙe: in aka yi mata hoton ƙirji a 'yan makonnin nan, a nuna wa mai hoton takardar. Ragowar Surgicel a hoto takan yi kama da taruwar mugunya, wanda bai sani ba sai ya tsorata ku a banza.

Ɗan Wanzam: To ni abin dariya yake ba ni. Kakana da yake yi wa yara kaciya garin bagaruwa yake barbaɗawa, jini ya tsaya. Tsofaffi suna sa saƙar gizo a sara. Aka ce mana jahilci ne. Yau ga Bature da kakin zuma da zaren itace, an ce kimiyya.

Abbo Mai Zuma: Faɗa musu dai!

Usmanu Farmasi: Ƙara da wannan ka ji daɗi: akwai wani gari da ake barbaɗawa a tiyata, Arista, daga sitacin dankalin Turawa ake yin sa. Tsotse ruwan jini yake yi, jiki ya narkar da shi cikin kwana biyu.

Maman Hanifa: Ɗan Wanzam, ba wanda ya ce kakanka bai lura da komai ba. Bagaruwa tana da ɗaurin nan da majema ke jeme fata da shi, tana tsuke nama, gaskiya ne. Bambancin shi ne tsabta da sanin abin da zai faru da shi bayan an rufe. Na ga yaro da aka kawo mana an cusa masa toka da ƙasa a saran fartanya, kwana takwas bayan nan muƙamuƙinsa ya ɗaure, tetanos. Jinin kam ya tsaya tun ranar farko. Don Allah in mutum ya yanke, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana leƙawa, a kawo shi.

Ɗan Wanzam: Na karɓa Hajiya. Amma dai a riƙa ba tsofaffi haƙƙinsu.

Malam Iliya: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Likita ya ambaci jelatin ya wuce da sauri. Jelatin ɗin nan daga me ake yin sa? A faɗa wa mutane gaskiya.

Dr. Awwal: Ba ɓoyewa nake ba Malam. Soson Gelfoam da Spongostan daga fatar alade ake cire jelatin ɗinsu. Na Floseal daga saniya ne. BioGlue daga jinin saniya. Akwai wani faci, TachoSil, daga doki, an shafe shi da sinadaran jinin mutum. Surgicel, kaki da garin dankali ba dabbar yanka a cikinsu. A takardar Sani ban ji an ambaci soson ba. Amma tunda an buɗe maganar gara in ƙarasa: shi kansa heparin ɗin da ba a hawa injin sai da shi, mafi yawan wanda ke duniya daga hanjin alade ake tace shi. Haka allurar Lovenox da ake yi wa mutane a fatar ciki bayan tiyata. Protamin kuwa asalinsa daga kifi ne.

Malam Iliya: Inna lillahi. To me ya sa ba a faɗa wa mutum kafin a sa masa? Wannan ai cin amana ne.

Hajja Kaltume: Malam Iliya, yarinya tana kwance tana jinya, yayanta yana karanta mu. A tausasa.

Modibbo Hamadu: Bismillah. Malam Iliya, tambayarka halas ce, amma hukuncin ba sabo ba ne. Ayar da ta haramta naman alade a Baƙara, ta 173, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. Mutumin da za a tsayar da zuciyarsa kuma babu wani maganin a gabansa, ban san lalurar da ta wuce wannan ba. Bayan haka akwai bahasin rikiɗa, wato abu ya canza daga asalinsa ya zama wani abu dabam, kamar giya ta zama khal da kanta. A 1995 malamai da likitoci sun zauna a Kuwait a kan wannan, suka tafi a kan cewa jelatin da ya rikiɗa haka ya halatta. Akwai malaman da ba su gamsu cewa rikiɗar jelatin ta cika ba, ban ɓoye wannan ba, amma su ma ba su hana shi a inda rai ke cikin haɗari kuma babu madadi ba.

Malam Iliya: To ai ga madadi, Likita da bakinsa ya ce akwai na saniya da na tsiro.

Modibbo Hamadu: A inda akwai shi a kan teburi kuma yana yin aikin, a zaɓe shi, ban musa ba. Amma saniyar ma wa ya ce maka yankan Musulmi ce? In ka bi wannan hanyar har ƙarshe za ka dawo kan lalurar da ka gudu daga gare ta.

Dr. Awwal: A kan faɗa wa mutane kuwa ina tare da Malam Iliya. Ya kamata a faɗa tun kafin aiki, musamman wajen zaɓen bawul, don na nama daga alade ko saniya ake yin sa, na ƙarfe kuma yana ɗaure mutum da maganin tsinka jini har abada. Mu likitoci muna gajarta bayani, wani lokaci don gajiya, wani lokaci don muna ganin ba za a gane ba, kuma wannan laifinmu ne. Amma a tsakiyar aiki, jini na malala, abin da ke cikin kabad shi ake buɗewa.

Malam Iliya: Ban gamsu duka ba, amma na ji. Zan tambayi malamina.

Inna Zara Injamena: Ku bar ni in sa baki, ni uwar mai irin wannan ciwon ce. An yi wa ɗana aikin bawul a asibitin Salam na Khartum, wanda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, kyauta suke yi. Mun je tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Sani ɗana, abin da ke cikin ƙirji ka bar wa Allah da likitoci, ya riga ya wuce. Wanda ke hannunka shi ne ƙwayar tsinka jinin nan. Ita ce za ta sa ka kuka in ka yi wasa. Gwajin INR, na auna yadda jinin ya tsinke, a kan lokaci, kar a ƙara kar a rage da ka. Kar ta sha aspirin ko maganin ciwon jiki na masu tebur, kar a ba ta jiƙo don wata ta ce yana ƙara jini. In ka ga dasashi na jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya yi baƙi, ku tafi asibiti a daren. Kuma ranar da aka fara maganar aurenta, a je wurin likitan zuciya kafin a sa rana, don maganin nan da ciki sai da shiri.

Hajja Kaltume: Allah ya saka Inna. Ni tambayata, me ke kawo wa yara ƙanana wannan ciwon ne? A da na ɗauka ciwon zuciya na tsofaffi ne masu hawan jini.

Dr. Awwal: Galibi daga ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi maganinsa da penisilin ba, Hajja. Jiki ya tashi yaƙar ƙwayar cutar sai ya haɗa da bawul ɗinsa, shekaru bayan nan abin ya fito. Irin su ne suka cika layi a cibiyar zuciya ta Shisong, a yankin Arewa maso Yamma, da aka buɗe a 2009. Wannan zance ne mai tsawo, a ware masa rana. Sani, turo mini hoton takardar ta gefe in karanta da kaina.

Sani Garwa: Na tura Likita.

Dr. Awwal: Na gani, kuma da izininka zan faɗa a nan tunda a nan aka fara. Gam ɗin na sinadaran jini ne, an sa shi a kan layin ɗinki bayan an ɗinke, ba a madadin ɗinki ba. Komawar dare kuwa, sun rubuta cewa sun sami wata 'yar jijiya tana zuba a bayan ƙashin ƙirji, inda ɗaya daga cikin wayoyin rufe ƙashin ta ratsa. Suka ɗaure ta da zare, suka wanke gudajin jini, suka rufe. Wuri ne da aka san yana yin haka.

Bappa Kusiri: Ka ji ko. Zare ne dai ya yi aikin a ƙarshe, ba gam ba.

Dr. Awwal: A wannan jijiyar, ƙwarai Bappa.

Sani Garwa: Tsaya Likita. Wace waya kuma?

Maman Hanifa: Wayar ƙarfe mara tsatsa, da ita ake ɗaure ƙashin ƙirji ya koma ya haɗe. Ita kam tana nan, ba a cirewa sai in ta dami mutum. Kar ta ɗauki abu mai nauyi, ko bokitin ruwa ko goyo, har wajen wata biyu zuwa uku.

Sani Garwa: To na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Zan je in yi wa Goggo bayanin kakin zuma da ƙyallen da ke narkewa. Maganar waya kuwa don Allah duk wanda ya zo dubiya ya riƙe bakinsa, sai ta ƙara kwana biyu tukuna. Usmanu, Sintrom ɗin da suka ba mu, ƙwayar tsinka jinin, saura na kwana tara, akwai shi a wajenku ko in aika Marwa?

Usmanu Farmasi: Akwai. Turo hoton takardar maganin in ga ƙarfin da aka rubuta, zan ba direban motar safe.